Kafaɗar da Aka Yi Karatu a Kanta

Ni tela ce, kuma tela kafin ta kalli fuskar mutum sai ta kalli kafaɗarsa, don a nan riga take zama ko ta ƙi zama. Kafaɗun da na auna ba su ƙirguwa, amma ban taɓa ɗora tef a kan irin ta yayana ba. Ba ƙato ba ne, ba shi ma da tsayi, sai dai Allah ya yi shi ba kitse ko na magani, ga aikin ƙarfi tun yana yaro. In ya tuɓe riga kowace tsoka tana zaune a wurinta da iyakarta, sai ka ce an bi ta da alli. Wannan kyan ne ya ja masa, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mahaifinmu ya rasu Yaya bai gama firamare ba. Shi ne babba, mu kuwa muna da yawa, don haka ya ajiye littafi ya tafi ɗaukar buhun siminti a wani shago. Ni da ya biya wa kuɗin koyon ɗinki na san abin da wannan ajiyewar ta ci masa. Mutum ne mai son karatu kamar me. Ko takardar da aka ƙunsa masa kaya a ciki sai ya warware ta ya karanta kafin ya yar. Da aka ɗauke shi lebura a makarantar da ake koyar da masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, murnar da ya yi sai ka rantse ɗalibi aka ɗauke shi. Aikinsa kuwa jigilar gadaje ne, da tura tukwanen iskar gas, da hawa bene da kabad, da ɗebo ruwa in famfo ya ɗauke. Ya yi shekaru yana wannan, ba wanda ya san da shi sai in akwai abu mai nauyi.

Wata rana ana zafi ya cire riga zai hau bene da wani tebur, sai malamin da ke koyar da sassan jiki ya hango shi ta taga. Ya aika aka kira shi. Yaya ya zo yana rarraba ido, a zatonsa laifi ya yi. Malam ya zagaya shi kamar mai sayen rago, ya ce ya ɗaga hannu, ya sauke, ya tura bango. Sannan ya juya ga ɗalibansa ya ce, "Ku rufe littattafanku. Ga littafi nan Allah ya kawo mana da ƙafarsa."

Daga ranar aka ƙara masa aiki. Duk lokacin da darasi ya zo kan kafaɗa sai a kira shi, a zaunar da shi kan wata kujera marar jingina kusa da taga inda haske ya fi, ƙwarangwal na rataye a kusurwa yana kallonsa. Malam ya ɗauki alƙalamin rubutun allo, ja da shuɗi da baƙi, ya bi iyakar kowace tsoka ya zana a kan fatarsa. In ya gama a goge, ɗalibai su zo ɗaya bayan ɗaya su lalubo da yatsa su zana nasu. Su ne suka raɗa masa suna Taswira, sunan kuma ya bi shi har ƙofar gida. Ana ba shi ɗan abin sabulu, kuma wallahi a sabulun yake ƙarewa, don wannan tawada ba ta jin wanka ɗaya. Rigunan da nake ɗinka masa duk ta lalata su ta ciki.

Na yi mita har na gaji. Na ce, "Yaya, kai da girmanka ka zauna yara suna yi maka zane a jiki kamar bangon makaranta?"

Ya yi dariya ya ce, "Auta, ba za ki gane ba. Su biya suke yi su shiga ajin nan. Ni a kujerar gaba nake zama kyauta."

Kuma da gaske karatun yake yi. In ya tashi daga aiki sai ya biyo ta shagona, ya ture tarin yadi ya zauna a benci, ya zame wuyan riga. Ba ruwansa da ina da masu jiran ɗinki.

"Kawo hannunki. Wannan babbar da kike gani, hula ce kawai ta rufe kafaɗar. Kowa ita yake yabo, amma ba ita ce uwar aiki ba. A ƙarƙashinta akwai ƙanana huɗu, su ne suke riƙe kan ƙashin hannu cikin kwarminsa, kamar yadda za ki riƙe ƙwai da yatsu. Ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta ɓuya ta gaba. Ta saman nan, danna nan, ita ce take fara ɗaga hannu, sannan hular ta karɓa ta ƙarasa."

Sai ya jero mini sunayensu da yaren likitoci, sunaye dogaye masu karya harshe, yana faɗa yana lumshe ido kamar mai shan zuma. Ni kuwa in ce sun yi kama da sunan maganin tsutsar ciki. Ya ce jahilci dai ba kyau. Mu yi dariya. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina jin daɗin ganinsa haka. Mutumin da duniya ta hana karatu ya samu ƙofar baya ya shiga.

Ranar da abin ya faru, shi da wani lebura ne suke saukowa da kabad na ƙarfe daga bene. Ƙafar abokin aikin ta zame, nauyin duka ya dawo kan hannun Yaya na dama, shi kuwa ya ƙi saki don kada kabad ɗin ya murƙushe mutumin. Ya ce mini ya ji ƙarar a cikin jikinsa, irin ƙarar da yake ji in na yaga yadi. Da na je duba shi na same shi zaune a tabarma, ya rungume hannun, gumi na zuba, amma abin da ya fara ce mini shi ne, "Ta saman ce, Auta. Jijiyarta ce ta tsinke daga ƙashi. Ina jin har da ɗaya ta baya." Yana faɗa da wani irin alfahari, kamar ɗalibin da ya ci tambaya.

Da kumburin ya sauka ya je ya nuna wa Malam. Malam ya kama hannun ya ɗaga shi gefe har daidai kafaɗa, ya ce ya riƙe, ya saki. Hannun ya faɗo kamar tsumma. Ya sake, ya sake faɗowa. Yaya da bakinsa ya ba ni labari cewa idon Malam har ƙyalli ya yi. Malam ya tabbatar masa abin da ya faɗa daidai ne, biyu ne suka tsinke, ya dafa shi ya ce, "Irin wannan ba kullum ake samu ba. Yaran nan a hoto kawai suke ganinsa. Jarrabawa ta kusa, ka daure mana su gani da idonsu, da an gama ni da kaina zan haɗa ka da likitan ƙashi a ɗinke ta."

A nan ya kamata a ce wani ya buga tebur. Ba wanda ya buga, don abin ya zo da alheri a fuska. Aka ɗauke wa Yaya jigilar kaya gaba ɗaya. Mutumin da tun yana yaro bai san safiyar da ba kaya a wuyansa ba, ya wayi gari yana zuwa aiki da farar riga a goge. Ranar jarrabawa aka sa shi a ɗaki shi kaɗai da labule, da kujera mai taushi. Manyan malaman da aka gayyato daga wasu makarantu suka gaishe shi da hannu, aka kawo musu shayi aka ba shi nasa kofin. Ɗalibi ya shigo, ya ce, "Baba, ina kwana, don Allah zan taɓa kafaɗarka." Yaya ya gyaɗa kai kamar alƙali. Yaron ya lalubi tsokoki, ya ɗaga hannun, ya saki, hannun ya faɗi. Sai a tambaye shi me ya gani, ya faɗa. A tambaye shi mene ne maganinsa, ya ce a yi aiki a ɗinke jijiyar da wuri, tun ba ta janye ba. A ba shi maki, ya fita, wani ya shigo.

Wuni guda ana ɗaga hannun nan ana saki. Da yamma ya zo shago fuska a yamutse don ciwo, amma baki har kunne, yana lissafa mini wa ya ci wa ya faɗi, wace yarinya ce ta rikice ta kama kafaɗar hagu.

Na ce, "To duk sun ce a ɗinke da wuri. Kai yaushe za a ɗinke taka?"

"Malam ya ce bayan jarrabawa."

Bayan jarrabawa aka ce likitan ya yi tafiya. Da ya dawo aka ce na'urar hoto ta lalace. Kafin a gyara ta sababbin ɗalibai sun shigo, darasi ya sake zagayowa kan kafaɗa, Malam ya ce ai zalunci ne a nuna wa na bara a hana na bana. Ga masu maimaita jarrabawa, ga wata makaranta ta ji labari ta roƙi a ara mata shi. Aro fa, kamar tsani. Haka aka yi ta yi, yau da gobe, har shekara ta juyo ta sake juyowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni ce na fara ganin inda abin ya dosa, ba don na fi kowa ido ba, sai don sana'ata. Na zo ɗinka masa sabuwar riga na ɗora tef, na ga dama ba ta kai hagu ba. Na ɗauka hannuna ne ya karkace, na sake aunawa. Na ce ya tuɓe. A bayan kafaɗar, sama da ƙasan wannan ƙashin da ya gitta, inda da tsoka take cike tam, na ga ramuka biyu, na saman har zai riƙe ruwa.

"Yaya, ka ga bayanka kuwa?"

"Na sani. Tsokar ce take ramewa tunda ba ta aiki. Malam ya nuna musu shekaranjiya, ya ce yanzu ma ta fi fitowa sarai, ko daga bayan aji ana gani."

Ban san lokacin da na jefar da tef ɗin ba. Washegari na rufe shago na tafi makarantar. Na samu Malam a ofishinsa, ɗan ƙaramin ɗaki cike da takardu, da ƙashin hannun roba a kan tebur yana danne su kada fanka ta kwashe. Mutum ne mai fara'a, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Da mugu ne mai ɗaure fuska da na san yadda zan yi da shi. Ya ba ni kujera, ya yabi Yaya har na ji kunya, ya ce ɗaliban da suka koyi kafaɗa a jikinsa yanzu suna asibitoci ko'ina suna taimakon bayin Allah, ladan duk yana da kaso.

Na ce, "Malam, ladan Allah ya ba shi. Hannun nake tambaya."

Ya ce, "Baiwar Allah, mu nan makaranta ce, ba asibiti ba. Ni ba na yanka, ba na ɗinki. Kuma ban ɗaure shi ba. Na ce masa ya je, shi ne ya ce a bari a wuce wannan zangon."

Na fito ina huci, na ce a raina ƙarya yake yi. Da yamma na tarar da Yaya a shago yana jirana, bai zauna ba. Tunda nake da shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Wa ya aike ki? Kin je kin zubar mini da mutunci a wurin aikina!"

"Da gaske ne kai ka ce a bari?"

Ya kalli keken ɗinki. Can ya ce, "In aka yi aikin, wata da watanni hannu na rataye a wuya, ba mai taɓa shi. Kafin in dawo sun nemo wani, ko su sayo na roba. In ya warke kuma fa? In koma ɗaukar kabad, da furfurata? Auta, ke kin san ni tun ina ɗaukar siminti. Kin taɓa ganin wanda ya miƙe tsaye don na shigo ɗaki?"

Na so in ce masa ba don kai suke miƙewa ba, don ramin da ke bayanka ne, amma bakina ya ƙi. Na san Malam bai yi ƙarya ba, kuma duk da haka ban yafe masa ba. Shi ya san abin da jinkiri ke yi wa jijiya, shi yake ba da maki a kan haka. Wanda ya ga makaho ya nufi rijiya ba ya cewa ai shi ya zaɓi hanyar. Da ya ce masa ba za ka sake zama a kujerar nan ba sai ka kawo mini shaidar likita, da Yaya ya je ko yana kuka. Bai ce ba, don darasinsa yana tafiya daidai.

Muka yi kwanaki ba ma magana sosai. Matarsa ce take kawo mini labari. Ta ce ba ya iya kwanciya ta dama, ita take sa masa riga ta cire masa, ita take taje masa kai. Butar shayi ma sai ya tallafo gwiwar hannun da hagu kafin ya zuba. Abin da ya karya shi jikarsa ce, 'yar mitsitsiya da ta fara tafiya. Ta zo da gudu ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta, ya sunkuya ya kama ta, hannun ya ƙi tashi, yarinyar ta zame ta buga baki a ƙasa. Ba ta ji wani ciwo ba, leɓe ne ya ɗan fashe. Amma washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar shagona, ya ce, "In kina da sarari, raka ni asibiti."

Muka yi ta zarya, layin kati, layin hoto, a dawo mako mai zuwa. Ranar da muka samu ganin likitan ƙashi, wani dattijo ne mai gilashi da alamar gajiya a fuska. Ya sa Yaya ya tuɓe, ya ɗaga hannun ya saki sau ɗaya tak, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce jijiya in ta tsinke kamar roba take, tana janyewa baya a hankali. Ta Yaya ta janye ta yi nisa, ta ƙandare, tsokar kuma ta rikiɗe ta zama kitse. Ko ya jawo ta ba za ta kawo ba, in ma ta kawo zare ba zai riƙe ta ba. Ni tela ce, ban buƙaci ya ƙara ba. Na san yadin da ya ruɓe, allura ma yaga shi take yi.

Ya cire gilashin ya kalli Yaya ya ce, "Bawan Allah, ina ka shiga tun tuni? Da farkon faruwar abin ka zo, da aikin safiya ɗaya ne. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya duba maka kafaɗar nan?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni na amsa. Na ce, "Likita, a ƙasar nan ba na jin akwai kafaɗar da aka duba kamar wannan." Na faɗa masa inda yake aiki da irin aikin. Likitan ya mayar da gilashinsa, ya daɗe yana juya biro a hannu. Daga ƙarshe ya ce abin da ya rage shi ne a rage masa ciwo, kuma zai tura shi wurin masu gashin ƙashi su koya masa yadda zai lallaɓa da sauran tsokokin. Da na ji an ce masu gashi sai dariya ta kufce mini a gaban likita, irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

Muka fito daga asibitin. Na ɗauka gida zai wuce, sai ya biyo ni shago ya zauna a benci. Na buɗe keke na hau ɗinkin da ba na ko ganinsa, ina jira ya ce wani abu, ko ya zagi Malam, ko ya zagi kansa, ko ni. Na shirya masa magana a raina: ya bar makarantar nan, ya zo ya zauna mini a shago ko da karɓar kaya ne, ba zan bar shi ya wulaƙanta ba.

Sai ya ce, "Auta, farar rigar nan tawa da ke wurinki."

"Tana nan."

"Ki farke ɗinkin kafaɗar dama, daga wuya zuwa damtse, ki sa mini zif. Cirewa da sawa yana ba ni wuya, kuma ba na son yara su ga ana tuɓe ni."

Na tsayar da keken. "Yaya, komawa za ka yi?"

"Jarrabawa jibi ne."

"Bayan abin da ka ji yau da kunnenka?"

Ya kalli hannun da ke kwance a cinyarsa, ya ce, "To me zan yi da shi yanzu? Ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar jika. Aikin nan kaɗai ya rage da ya iya."

Na so in yi ihu, na so in kama rigar in yayyaga ta. Amma na dube shi, yayana da ya ɗauke mu duka a wuyansa, na ga in na hana shi wannan ban da abin da zan ba shi a madadinsa. Na tashi na ɗauko rigar daga rataya, na ɗauko reza. Ya ce in nemi farin zif siriri, kada ya fito a gani.